Buhun Gero a Kan Wata: Martani Ga Masu Cewa Hausa Ba Ta Iya Ɗaukar Kimiyya

Kwanakin baya, a wata muhawara da aka yi a zauren taron ɗalibai game da harshen koyarwa, wani malami wanda nake ganin girmansa ƙwarai ya miƙe ya yanke wa Hausa hukunci cikin minti biyar. Ya ce a ilmin fiziks akwai abubuwa biyu waɗanda tun a farkon sakandare ake koya wa yaro ya bambanta su, ɗaya Turawa suna kiransa mas, ɗayan kuwa shi ne nauyi. Ya ce Bahaushe kalma ɗaya tak yake da ita ga duka biyun, watau nauyi, don haka harshen da ya faɗi a darasin farko ba shi da abin da zai je nema a darasi na biyu. Ya ce a bar wa Hausa waƙa da tatsuniya da cinikin kasuwa, a bar wa Ingilishi ɗakin gwaje-gwaje. Ya zauna, zaure ya ɗauki tafi.

Maganar malam ba ta hana ni barci ba, domin ba yau muka fara jin irinta ba. Tafin ne ya tsaya mini a rai, don mafi yawan masu tafin nan da Hausa iyayensu mata suka rarrashe su a goye. Da aka tashi sai na tare wasu daga cikinsu a bakin ƙofa, na ce to, ku da kuka san bambancin, ku taimaka mini da shi. Nan da nan suka zubo mini ma'anar kalmomin biyu da Ingilishi, ba tuntuɓe, kamar almajiri na biya allonsa. Na ce madalla. Yanzu a ce an kai buhun gero mai kilo 100 can sararin samaniya, inda yake shawagi ba ya danne kowa, sai ka taho da ƙarfi, ba takalmi, ka shure shi. Yatsanka zai ji ciwo ko ba zai ji ba? Ɗaya ya ce ba zai ji ba, tun da buhun ba shi da nauyi. Wani ya ce sai ya duba littafi. Na ukunsu, wanda ya fi su gaskiya, ya ce wannan ba ya cikin manhaja.

Yatsan zai karye, 'yan'uwa, kamar yadda zai karye in a kasuwar Dawanau ka shuri buhun. Wanda bai san haka ba bai san abin da ake nufi da mas ba, ko da kuwa ya ci jarrabawa da lambar yabo. Abin da nake so in tabbatar ke nan a wannan maƙala: ciwon da ke damunmu ba na rashin kalma ba ne, na hadda ne ba fahimta. Ingilishi ya zame mana babbar riga wadda muke ɓoye ramar ilminmu a ciki.

Bari mu ajiye littafi tukuna mu tafi wurin masu tura kura. A ɗora wa kura buhu 10 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba hawa ba gangara. Mai turawa ba ya ɗaga kome, tayoyi da ƙasa su ke ɗauke da kayan. Duk da haka sai ya dafe da ƙirji, ya yi nishi, kafin kura ta yarda ta motsa. In kuwa ta ɗauki gudu, tsayar da ita ya fi tayar da ita haɗari, shi ya sa za ka ji yana ta kururuwar a ba shi hanya tun daga nesa. Wani zai ce ai tirjiyar tayoyi ce. To, a zuba musu mai, a gyara hanya ta yi sumul kamar madubi, har yanzu kura mai buhu 10 ba za ta zabura kamar wadda ba kaya ba, ba kuma za ta tsaya kamarta ba. Akwai wani taurin kai a jikin kayan: in suna tsaye ba su son tafiya, in suna tafiya ba su son tsayawa, ba su kuma son a karkata su. Wannan taurin kai bai san sama ko ƙasa ba, ko ta ina ka zo masa yana nan. Gwargwadonsa shi ne abin da Turawa suke kira mas.

Nauyi kuwa wani abu ne dabam. Shi ja ne, ƙarfi ne da duniya ke jawo abu da shi zuwa gare ta, kullum kuma fuska ɗaya yake duba, watau ƙasa. Shi ne ke sauka a wuyan ɗan dako. Tun da ja ne, ya dogara ga mai jan. Wata bai kai duniya ƙarfin ja ba, abin da yake yi bai wuce kashi ɗaya cikin 6 na nata ba. Buhun nan mai kilo 100, in aka kai shi kan wata, ɗaukarsa ba za ta fi ɗaukar kilo 17 a nan wuya ba, yaro ma sai ya ciccibe shi. Amma ko ƙwayar gero ɗaya ba ta ragu ba. Tuwon da za a tuƙa da shi mutanen da zai ƙosar a Kano su zai ƙosar a can, taurin kansa kuma yana nan yadda yake. Nauyi ya sauya domin wuri ya sauya, abin da ke cikin buhu bai sauya ba.

Ga shi nan na faɗe shi da Hausa, harshena bai karye ba, alƙalamina bai ƙone ba. Saura suna. Kafin in ba da nawa, bari mu leƙa inda Turawa suka samo nasu, tun da malam yana magana kamar daga sama aka saukar musu da shi a naɗe. Kalmar ta zo musu daga Latin, Latin kuma ta aro ta daga Girkanci, inda asalin ma'anarta ƙullin sha'ir ne da aka cuɗa aka dunƙule. Watau kalmar madafa ce, ta mata masu kwaɓa gari. Ko da yake ban ce akwai dangantaka ba, wanda ya ji ta ya tuna masar da ake soyawa a tanda bai yi nisa da gida ba. To, in Turawa sun ɗauki dunƙulen ƙullu sun kai shi jami'a, me zai hana mu ɗauki curi, irin na fura, mu ba shi wannan aiki? Daga nan zuwa ƙarshen maƙalar nan curi zan riƙa cewa. Curin buhun nan kilo 100 ne a Kano, kilo 100 ne a kan wata. Nauyinsa ne ke hawa da sauka.

Yanzu mu koma ga hujjar malam, mu auna ta da ma'auninta. Ya ce harshen da ke haɗa abubuwan nan biyu a kalma ɗaya bai cancanci kimiyya ba. In haka ne, sai mu fara da korar Ingilishi. Har gobe Bature in ya hau sikeli a asibiti cewa yake yi nauyinsa kilo kaza ne, alhali kuwa kilo ma'aunin curi ne. Ruɗanin ya yi yawa a tsakanin masana kansu, har a shekarar 1901 babban taron ƙasashe kan ma'auni, wanda ya zauna a Faransa, ya ga tilas ya fitar da sanarwa cewa kilo na curi ne, nauyi kuwa wani irin ƙarfi ne. Ku lura da shekarar. Isaac Newton ya buga littafinsa na Principia, inda ya raba abubuwan biyu, a 1687. Shekara 214 ke nan manyan masana na Turai suna tuntuɓe da harsunansu kafin su zauna su share hanya. Ma'aunin nauyi na kansa, wanda aka sa wa sunan Newton, sai a 1948 aka tabbatar da sunan nasa. Mu kuwa an ba mu minti biyar a zauren taro, an ce mun faɗi.

Har ila yau Newton ɗin nan, Baturen Ingila ne haifaffe, amma bai rubuta littafin da Ingilishi ba. Da Latin ya rubuta, domin a zamaninsa Latin ne harshen malamai a Turai. Fassarar Ingilishi ba ta fito ba sai 1729, bayan ya mutu da shekara 2. Lalle da malaminmu yana raye a Landan a lokacin, da shi ne zai miƙe ya ce a bar wa Ingilishi waƙa da cinikin kasuwa. Galileo kuwa, wanda ya share wa Newton fage, ya ƙi bin wannan al'ada. Babban littafinsa kan motsi, na 1638, da Italiyanci ya tsara shi, a kan siffar hira tsakanin mutum uku, sai tsantsar lissafin kawai ya bari da Latin. Larabci ma da muke ganin ya cika ya batse, sai da masu fassara irin su Hunainu ɗan Ishaƙa suka zauna a Bagadaza a ƙarni na 9 suna aro suna ƙirƙira kafin ya ɗauki ilmin Girkawa. Ba harshen da aka haifa da haƙoransa. Kowane sai da masu shi suka yi masa wahala.

Akwai wani abu game da curi da nauyi wanda ya fi duk wannan ban mamaki, kuma shi ne hadda ta fi cutarwa. Kusan shekara 2,000 malamai suna bin Aristotle a kan cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa. Galileo ya rushe wannan da tambaya ɗaya wadda ko a zauren mai unguwa za a iya yin ta. A ɗaure ƙaramin dutse a jikin babba a sake su. In ƙaramin ya fi jinkiri, to zai riƙe babban, su faɗi a hankali fiye da babban shi kaɗai. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, don haka ya kamata su fi shi sauri. Magana ɗaya ta haifi amsa biyu masu karo da juna, ashe tun asali ba ta da tushe. In ba iskar da ke tare hanya, kome da kome tare suke faɗuwa. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott, a tafiyar Apollo 15, ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho lokaci ɗaya, duniya tana kallo a talabijin, suka dira tare.

Me ya sa? Domin dutsen da ya ninka wani curi sau 10, duniya tana jansa da ƙarfi sau 10, amma taurin kansa ma sau 10 ne, sai biyun su tashi canjaras. To, amma me ya haɗa taurin kai da ja, har za su yi daidai wa daida a kowane irin abu, ƙarfe ne ko auduga ko ruwa? Newton ya ga haka, ya gwada da lilo iri iri, ya tabbatar, amma bai ba da dalili ba. Wannan tambaya ce Albert Einstein ya riƙe daga 1907 har ta kai shi ga sabon bayanin jan duniya da taurari a 1915. Tambayar da ta sauya ilmi tana kwance a shafin farko na littafin sakandare, mu kuwa mun tsallake ta domin muna sauri mu haddace labarin hasumiyar Pisa, labarin da Galileo kansa bai taɓa rubuta cewa ya yi ba, wani almajirinsa ne ya ba da shi bayan mutuwarsa.

Sa'an nan a dubi irin ɓarnar da rashin fahimta ke yi in an zo fassara. Sau nawa muka ji a rediyo ana cewa 'yan sama jannati suna shawagi domin sun fita daga maganaɗisun ƙasa? Kuskure biyu ke nan a jimla ɗaya. Na farko, jan duniya ba maganaɗisu ba ne. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, bai damu da gero ba, duniya kuwa ba ta bar kowa ba. Na biyu, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana wajen kilomita 400 ne kawai a sama, a can kuma jan duniya bai ragu da fiye da wajen kashi 10 cikin 100 ba. Abin da ya sa suke shawagi shi ne su da tashar duk faɗuwa suke yi tare, ba dare ba rana, sai dai gudun da suke yi a kaikaice ya sa kullum suna kewaya duniya maimakon su faɗa mata. Wanda ke faɗuwa tare da sikelinsa ba zai danne shi ba. Shi ya sa in likitoci suna son su san ko ɗan sama jannati ya rame, sai a sa shi a kan wata na'ura mai sifirin ta yi ta kai da komo da shi, a gane curinsa daga yadda yake jinkirta ta. Taurin kai ake aunawa, irin na kurar Dawanau. Mai fassarar da ya kawo maganaɗisu ba Hausa ce ta gaza masa ba. Bai gane abin da Ingilishi ba, sai ya juye mana rashin ganewar tasa.

Na san akwai masu karatu a cikin ma'aikatan gwamnati, da waɗanda gobe za su shiga ofis, waɗanda za su ce wannan duk surutun 'yan kimiyya ne, bai shafi tuwo ba. Ku ne ma na fi nufi. Kasuwanninmu suna da ma'auni iri uku, kowanne da abin da yake aunawa. Mudu da tiya cika suke aunawa, watau wurin da abu ya ci, shi ya sa ake rigima kan tsororo da shafe. Mizani mai faranti biyu curi yake aunawa, don yana gwada kayanka ne da dutsen awo, in jan duniya ya ragu ya ragu ga duka biyun, ko a kan wata aka kai shi gaskiya zai faɗa. Sikelin rataya mai sifirin, da sikelin lantarki wanda yanzu ya cika shaguna, su nauyi suke ji, sa'an nan su fassara shi zuwa kilo bisa zaton cewa jan duniya kaza ne.

Jan duniya kuwa ba ɗaya ba ne ko'ina. Tun 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya tafi Cayenne a Amurka ta Kudu da agogo mai lilo wanda aka daidaita a Paris, ya tarar yana jinkirin wajen minti 2 da rabi kowace rana. Dalili shi ne duniya tana juyawa, ba kuma dunƙule take daidai ba, ta fi kumburi a tsakiya, don haka ja ya fi rauni kusa da tsakiyarta. Abin da ke faɗuwa a Landan gudunsa yana ƙaruwa da wajen mita 9.81 a daƙiƙa kowace daƙiƙa, a Kano kuwa wajen 9.78. Bambancin kamar ba kome, kashi 3 cikin 1,000. To, a sayo sikelin lantarki wanda aka daidaita a arewacin Turai, a kafa shi a nan ba tare da an sake daidaita shi da duwatsun awo na gaskiya ba. Buhu mai kilo 100 zai nuna wajen kilo 99.7. A lodin tirela mai tan 30, abin da zai ɓace ya haura kilo 90, kusan buhu guda. Ba wanda ya sa hannu, ba wanda ya yi niyyar zamba, amma manomin da ya kawo kayan ya tafi gida da giɓi. Jami'in awo da sikeli wanda ya haddace ma'anar kalmomi bai gane su ba, ba zai ma san akwai abin bincike a nan ba. Mu mutane ne da aka yi mana kashedi mai tsanani game da tauye mudu, har sura guda ke ɗauke da sunan masu yin haka. Ashe bai kamata mu san ta inda tauyewa ke shigowa ko da ba ɓarawo ba?

Shi kansa kilon da muke rantsuwa da shi yana da tarihi wanda ya kamata ya rage mana tsoron Turawa. Daga 1889 kilo na duniya duka wani ɗan guntun ƙarfe ne, haɗin filatinam da iridiyam, tsayinsa wajen milimita 39, a kulle a Sèvres kusa da Paris. Duk sikelin duniya daga gare shi yake karɓar gaskiya. Da aka yi ta gwada shi da 'yan'uwansa da aka ƙera kamarsa, sai aka ga cikin shekara 100 sun saɓa da kimanin kashi 50 cikin miliyan na giram. Sarkin awo ya zama ba a san ko shi ya rame ko fadawansa suka yi ƙiba ba. A watan Nuwamba na 2018 wakilan ƙasashe suka taru a Versailles suka sauke shi, daga 20 ga Mayu 2019 kuma aka ɗaure kilo ga wata lamba ta halitta wadda ba ta sauyawa, mai sunan masanin Jamus Max Planck. Su can suna ta gyara, mu nan muna ta biyawa.

Ma'anar nan ma da abokaina suka zubo mini a bakin ƙofa, cewa mas shi ne yawan abin da ke cikin jiki, tsohuwar riga ce wadda masu ita suka daɗe da ganin ta yage. A 1883 Ernst Mach ya nuna cewa bayanin Newton yana kewaye ne kamar jakin da aka ɗaure a turke: ya bayyana curi da cunkoson abu, alhali ba a iya bayyana cunkoso sai da curi. A 1905 Einstein ya nuna curi da makamashi abu ɗaya ne mai fuska biyu. Giram ɗaya tak, in ya juye duka, daidai yake da yunit miliyan 25 na wutar lantarki, irin wanda mita ke ƙirga mana. Rana tana rasa curi wajen tan miliyan 4 kowace daƙiƙa, shi ne hasken da ke nunar da geronmu. Ta wannan hanya ce yuraniyam ɗin da aka fara haƙowa a Arlit, a ƙasar Nijar, a 1971 ya haskaka biranen Faransa shekara da shekaru, masu ƙasar kuwa da yawansu suna kwana da fitilar ƙwai. In kana neman amfanin sanin curi, ga shi nan a arewa da Agadas. Daga baya kuma aka gano cewa furoton, wanda ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, 'yan ƙananan abubuwan da suka haɗa shi ba su ba da fiye da wajen kashi ɗaya cikin 100 na curinsa ba, saura duk makamashin motsinsu ne da ɗaurin da ke tsakaninsu. A 2012 aka tabbatar da ƙwayar Higgs a cibiyar CERN kusa da Geneva, wadda ta shafi asalin wannan ɗan kashi ɗaya. Watau har yau ana kan tambayar mene ne curi. Abin da masu shi ba su gama sani ba, ta yaya za a ce laifin Hausa ne da ba ta ajiye masa suna tun zamanin Bayajida ba?

Kada kuma 'yan ɓangarena su yi saurin murna, don ina da magana da su. Akwai masu cewa ai kakanninmu sun san duk wannan, Turawa sata suka yi. Wannan ma lalaci ne, ya sa rawani kawai. Mai tura kura ya san taurin kan kaya a ƙirjinsa, gaskiya ne, amma bai auna shi ba, bai sa masa lamba ba, bai gane cewa dokar da ke riƙe da kurarsa ita ke riƙe da wata a sama ba. Wannan aiki wasu suka yi shi, a yaba musu. Abin da nake cewa shi ne ɗan mai kurar yana da rabin darasin a hannunsa tun kafin ya shiga aji, mu kuwa sai mu sa shi ya ajiye wannan rabin a bakin ƙofa tare da takalmansa, mu ba shi jimlar Ingilishi ya haɗiye. Ya fita ba na gida, ba na boko.

Za a ce jarrabawa da Ingilishi ake yi, littattafai da mujallun bincike ma haka. Gaskiya ne, ban kuwa ce a jefar da Ingilishi ba, wanda ya yi haka ya rufe wa kansa taga. Amma yaron da ya gane abu da harshensa, sanya masa sunan Ingilishi aikin yini ɗaya ne. Wanda ya riƙe suna ba abu, shekara 10 ba ta isa ta cika masa shi. Ba kuma zato nake yi ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da yara dukan darussan firamare, har da lissafi da kimiyya, da Yarabanci tsawon shekara 6, ana koya musu Ingilishi a matsayin darasi. Yaran ba su kasa takwarorinsu ba, har a Ingilishin. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta yarda a fara da harshen uwa a farkon firamare. Yarabawa sun zauna sun ƙirƙiri kalmomin da suke bukata. Mu da muke da harshen da BBC ke watsa shiri da shi tun 1957, muna zaune muna tafa wa mai cewa ba za mu iya ba.

Za a kuma ce curi bai dace ba, domin yana kawo wa mutum siffar abu dunƙulalle, alhali ruwa da iska ma suna da shi. Na yarda akwai wannan aibi. Na Turawan ma da shi ya fara, amfani ne ya goge shi, kamar yadda yau ba mai jin an ce jirgin sama ya tsaya neman kogi. In wani yana da kalmar da ta fi, ya kawo, zan saki tawa ba jayayya. In ma jama'a suka ga a ari ta Turawan a Hausance ta, kamar yadda muka ari mota da asibiti da sikelin kansa, ba zan yi fushi ba. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a ce tun da ba mu tarar da kalma a ajiye ba, sai mu naɗe tabarma.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su sake ba mu zauren nan yamma ɗaya. Zan zo da mizani mai faranti biyu, da sikelin rataya, da bulo biyu, babba da ƙarami, da kura ɗaya tare da mai ita. Zan gayyaci masu gadi da masu shara da matan da ke sayar mana da abinci su zauna a gaba. Malam ya yi musu bayanin curi da nauyi da Ingilishi minti 20, ni in yi da Hausa minti 20, sa'an nan a yi musu tambayar buhun gero da yatsa. Masu tafin ranar nan kuwa su zauna a baya, su ma za a ba su takarda su rubuta tasu amsar.